Harsashi Shida da Yatsu Goma

Abin da ke wuyana a waccan shekarar ba shi da wuyar ƙirgawa. Raguna ashirin da bakwai a wani garke can bayan baƙaƙen duwatsu, waje da iyakar Harami, su ne duk abin da na tara tun da na fara dako a kasuwar dabino. Kwana tara suka rage a yi Layya. Akwai libarba guda, ƙaramar bindigar hannu, ba tawa ba, ba kuma ta mahaifina ba, da harsashi shida a naɗe cikin ƙyalle. Sai kuma sunan mahaifina, mutumin da ya yi shekara talatin yana karɓar ajiyar alhazai a Madina ko allura ba ta taɓa salwanta a hannunsa ba. Wannan na ƙarshen shi na kai kasuwa ban san na kai shi ba.

Abin da ya taso mini da zancen shi ne jikana. Ya zama magidanci yanzu, yana aikin ofis, yana jin Hausa sarai amma sai ya ga dama yake amsawa da ita. Makon jiya ya shigo shagona na unguwar Sultana, inda nake sayar da darduma da tsofaffin kayan gida, ya miƙo mini waya. Wai ya shiga wurin koyon harbi, ya sami lasisi, har ya sayi wata tsohuwar libarba da takardunta a hannun wasu magada. Ya goga yatsa ya nuna mini hoton kwalin harsashin da zai saya.

"Babu wanda ya fi wannan ƙarfi a kasuwa, ya jaddi," in ji shi, rabi Larabci rabi Hausa.

Na ce, "Ja'iri, bindigar ta girme ka ko ka girme ta?"

"Ta girme ka ma, in ba ka rage shekaru ba."

"To zauna. Ajiye wayar nan."

A zamanin da nake faɗa, unguwarmu ta Bani Harisa ba haka take ba. Inda benayen nan suke a jere, gonakin dabino ne da rijiyoyi. Abin da ke tashin mutum bayan kiran salla shi ne tuk-tuk ɗin injin ban-ruwa na maƙwabta, sai ƙarar turmin mahaifiyata, domin ita har ta koma ga Allah ba ta yarda garin inji ya kai na turmi daɗi ba. Aikina na safe shi ne in ɗebo ruwa, in share zaure, in shimfiɗa tabarmi, saboda da watan aikin hajji ya kama gidanmu ba ya rabuwa da baƙi. Mutanenmu na Kano da na Damagaram da na Sudan da na Chadi, duk wanda ya yi ziyara zai wuce Makka, ba ya son jan kaya. Sai ya kawo wa Baba. Akwai wani ɗaki a ƙarshen zaure marar taga, mabuɗinsa na rataye a wuyan Baba da igiyar fata. Yau mahajjaci yana da akwatin ƙarfe a otal, ya danna lamba ya kulle, ya hau doguwar mota mai sanyi a Bi'ir Ali inda ake ɗaukar harami, bai san sunan kowa a garin nan ba, kowa bai san nasa ba. Ban ce hakan laifi ne ba, na ma fi kowa sanin ya fi sauƙi. Amma a da, akwatin mutum ne, lambar kuma sunansa ce.

Yadda ake yi kuwa, mai kaya zai zauna a gaban Baba da shaidu biyu, ya baje abin da ya kawo, ya ƙirga da bakinsa, ya naɗe a zane, ya ɗaure da irin ƙullin da ya ga dama. Baba ba ya rubuta komai, ba ya kuma taɓa ƙullin. In mutum ya dawo, shi zai kwance da hannunsa, ya sake ƙirgawa, sai Baba ya juya ga shaidu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce, "Na shaida an mayar yadda aka kawo." Sai a shafa fatiha. Baba yakan ce ɗakin nan ba ƙofa ce ke tsare shi ba, kunya ce.

A cikin masu kawo ajiya a shekarar akwai wani dattijo Bahaushen Sudan, siriri, mai dogayen yatsu, yana gadin wata gonar dabino can hanyar Haibar, shi kaɗai sai kyarketai. Muna ce masa Malam. Mai harami ba ya ɗaukar makami, don haka ya zaro libarbarsa daga jakar fata ya ajiye a kan tabarma. Irin tsohuwar nan ce da ake karyawa a tsakiya kamar an buɗe baki, sai gangar da ake zuba harsashi ta bayyana da ramukanta shida. Mariƙinta ya yi santsi saboda hannu. Ya ce ta mahaifinsa ce, da ita ya ratso daji a ƙasa har bakin teku. Ya jera harsasai shida, masu kan dalma, toka-toka, marasa kyan gani.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida," in ji shi. "Waɗannan su ne abincinta. Ba duk abin da ya shiga bakinta take iya haɗiya ba."

Ina tsugune ina zuba shayi, na ji maganar da kunnena. Abin da na fahimta kawai shi ne harsasan nan suna da daraja a wurinsa. Shaidun ranar su ne limamin unguwarmu da Kawuna, ƙanin mahaifiyata, maƙeri mai gyaran makullai da wasa wuƙaƙe.

Kwana biyu da tafiyar alhazai karnuka suka far wa garkena. Ba karnukan gida ba, irin na jeji da suke taruwa a bayan mahauta, sun kai goma. Da hantsi na iso na tarar da rago ɗaya a yashe, wani kuma an yage masa cinya. Na yi jifa, suka ja da baya kaɗan suka zauna a kan duwatsu suna kallona, harshe waje. Washegari suka sake kashe ɗaya a gabana, tsakar rana, ina riƙe da sanda. Duk wanda ya taɓa tara abu da guminsa ya san abin da na ji. Na lissafa, in aka ci gaba a haka, ranar Layya igiyoyi zan kai kasuwa.

Ban tambayi Baba aron libarbar Malam ba, don na san amsarsa. Yana cire igiyar wuyansa ne kawai in zai yi wanka, ya rataye a ƙusa. Da ya shiga wanka na ɗauki mabuɗin, na shiga ɗakin ajiya, na zauna na ƙare wa ƙullin Malam kallo har na gane yadda ya bi da shi, sannan na kwance. A nan ne na yi abin da a lokacin na ɗauka wayo ne. Na ce a raina, harsashi an ƙirga shi a gaban shaidu, in na harba ɗaya ya zama biyar, asiri ya tonu. Bindiga kuwa ƙarfe ce, a harba ta a goge, wa zai sani? Sai na bar shidan nan a ƙyallensu ban taɓa ba, na ɗauki libarbar kaɗai. Na je wurin wani direban babbar mota da na sani a kasuwar dabbobi, ya kawo mini kwali na sababbi, masu rigar tagulla, suna ƙyalli kamar 'yan kunnen amarya. Na gwada ɗaya a ramin ganga, ya shige daidai.

Direban ya ce, "Wannan ko raƙumi ya samu sai ya durƙusa."

Na ce, "Abin da nake nema ke nan."

Harbin farko ban manta da shi ba. Ƙara ce mai tsini, ta daki duwatsu ta dawo, hannuna ya yi zafi har gwiwa. Ban sami ko kare ɗaya ba, amma suka watse. Da a nan na tsaya, wataƙila da ba ni da labarin ba kowa. Sai dai shekaruna ashirin da 'yan kai, kuma abin da daɗi. Da karnukan suka dawo na harba, da ba su dawo ba na jera gwangwanaye a kan dutse na ce ina koyon saiti. Kullum sai na yi biyar, shida. A kwana na huɗu na lura maƙullin da ke riƙe bayanta ba ya rufuwa da irin ƙarar da yake yi da farko, sai na danna da babban yatsa. Na ce ƙura ce, na ɗiga mata man keken ɗinki. A kwana na shida na ja kunama sai na ji kamar zuma ta harbe ni a kunci. Na shafa na ga jini. Na ciro wani siririn ɓawon tagulla kamar farce daga fatata. Tabon na nan har yau, a ƙasan idon hagu, jikokina sun ɗauka ƙyanda ce.

Na sayar da raguna ashirin da huɗu kafin ranar Arfa, da riba mai kyau. Amma ban ji daɗin naman Sallar nan ba. Washegarin Salla na naɗe libarbar a riga na nufi maƙerar Kawu, na same shi yana wasa wuƙaƙen da mutane suka dakusar da fiɗa. Da ya ga abin da na fito da shi sai ya ɗauke ƙafa daga kan dutsen wasa, ya tashi ya janyo ƙofa.

"Ta mutumin Haibar ce."

"Ita ce, Kawu."

"Ubanka ya sani?"

Na sunkuyar da kai. Bai zage ni ba. Ya rufe ta, ya kai kusa da kunne ya girgiza. Ni ma na ji, wani ɗan kas-kas kamar tsakuwa a gwangwani. Ya ɗauko siririn tsinke na ƙarfe ya zura ta baki a hankali, tsinken ya tafi ya tafi sai ya tuntuɓe a gefen ramin ganga.

"Me ka ba ta ta ci?"

Na nuna masa ragowar kwalin. Ya ɗauki ɗaya ya gwada farce a kansa, farcen ya zame.

"Kai ɗan nan, ka taɓa ganin an ba kakarka ƙashin raƙumi ta gwagwiya? Ƙarfen zamanin da aka ƙera wannan mai taushi ne. Don dalma aka yi ta, da albarushi kaɗan, abin da zai tura harsashi ya fita ba tare da ya doke ta ba. Na Malam in ka danna farce sai ya shiga. Naka kuwa kansa ya fi cikin bututunta tauri, albarushinsa na bindigogin yanzu ne. Girma ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne. Kowane harbi da ka yi, ka ja jikinta ya miƙe kaɗan, ka ci maƙullinta kaɗan. Yanzu ramin ganga da bututu ba sa kallon juna. Shi ya sa ta tofa maka a fuska, kuma ka gode Allah da ba ido ta samu ba."

"A gyara, Kawu. Ko nawa ne."

"Ka ji ɗan kasuwa. Ƙarfen da ya miƙe ba ya komawa."

"To in da nasa na dalma aka harba fa?"

"Na farko ya iya fita lafiya. Na biyu ma haka. Na uku ban ɗaukar wa kowa alkawari ba. In ta buɗe a hannun mutum, yatsu take ɗauka." Ya miƙo mini ita. "Ba zan kai ƙararka wurin ubanka ba, ba aikina ba ne. Amma ka tuna ni ne shaida na biyu."

Na mayar da ita cikin zanenta, kusa da harsasai shida, na ɗaura ƙullin Malam yadda na same shi. Ko shi da ya ƙirƙiro ƙullin ba zai bambance ba. Kwana shida na yi ina jiran dawowar alhazai, ina share zaure, ina zuba shayi, ina ji ana kwance ƙulle-ƙulle ana cewa an shaida. Kowane baƙo ya yi sallama sai in ɗauka Malam ne. Ina ta saƙa da warwara. Malam ya ce a shekara bai fi ya harba sau ɗaya ko biyu ba, in kyarkeci ya matso wa awakinsa. Wataƙila sai baɗi, wataƙila sai shekara uku, can a gonar da babu kowa, kuma in ta fashe za a ce tsufa ne. Ba wanda zai dawo Madina ya tambayi ɗan mai ajiya. Na san ciniki tun ina yaro, kuma a lissafin ciniki shiru ya fi riba nesa ba kusa ba.

Malam ya iso bayan la'asar, kansa a aske, ya ƙara ramewa, muryarsa ta dishe da talbiya. Aka kira Liman, aka kira Kawu. Baba ya ciro mabuɗi ya ɗauko ƙunshin ya ajiye a gabansa. Malam ya dubi ƙullin ya gyaɗa kai, ya kwance. Ya ɗaga libarbar ya shafa ta kamar yadda ake shafa kan yaro, bai buɗe ba, bai girgiza ba, ya ajiye. Ya baje ƙyalle.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Alhamdu lillahi. Alhaji, abin da ake faɗa a kanka gaskiya ne. Allah ya ba ka zuriya mai kama da kai."

"Amin," in ji Baba. Ya juya. "Liman?"

"Na shaida an mayar yadda aka kawo."

"Maƙeri?"

Kawu ya yi gyaran murya. Ya ce a ba shi ruwa. Na miƙa masa moɗa, ya sha a hankali kamar mai shan magani, bai kalle ni ba. Idonsa na kan hannun Malam. Sai ni ma na kalla. Dattijon ya riga ya fara naɗe zanen, dogayen yatsun nan nasa suna jan igiya, babban yatsa ya danne, manuni ya zagayo. Da su yake hawan dabino. Da su yake tatsar awaki, da su yake jan tasbaha. Baba ya sake cewa, "Maƙeri, muna jiranka," kuma a karon nan muryarsa ta canja.

Na ce, "Baba, kada Kawu ya shaida."

Na faɗi komai a tsaye, tun daga ƙusar da ake rataye mabuɗi har ɓawon tagullar da ya shiga kuncina. Ban rage ba, ban kuma kawo zancen karnuka a matsayin uzuri ba sai da Liman ya tambaya. Malam ya sake kwance zanen. Ya rufe libarbar ya kai kunne ya girgiza. Kowa ya ji.

Ya dube ni, ya yi magana a hankali.

"Ɗana, da ka zo ka harbe shidan nan duka don ka tsare dabbobinka, wallahi da na ce Allah ya sa sun yi amfani. Harsashi ana zuba wani. Ka tsare abin da ake ƙirgawa, ka kashe abin da ba a ƙirga ba."

Na ce, "Malam, zan saya maka sabuwa, wadda ta fi ta."

"Ta ubana za ka sayo?"

Ya tattara harsasansa shida ya sa a aljihu, ya tura libarbar gabana da bayan hannu. Ya ce in riƙe, ita ba ajiya ba ce yanzu, kuma ya yafe, don bai yi kwana ashirin yana roƙon gafara ba sannan ya dawo ya hana wani. Daga baya Baba ya sa na saya masa doguwar bindiga ta gadi, ya karɓa don aikinsa na bukata, amma bai ƙara kwana a gidanmu ba.

Baba bai ɗaga mini hannu ba, bai ɗaga murya ba. Da baƙi suka fita ya ce, "Ka kyauta da ka yi magana. Ka makara ne da kwana goma sha biyar." Ya jira har mai ajiya na ƙarshe ya karɓi kayansa, sannan ya cire igiyar fatar daga wuyansa ya rataye a ƙusar nan, bai sake sa ta ba. Liman ya roƙe shi, Kawu ya roƙe shi, suka ce ai yaron ya tuba kuma ba wanda ya ji. Ya ce shi ya ji. Ya ce gidan da ɗansa ya iya kwance ƙullin mutane ba gidan ajiya ba ne. Da shekara ta zagayo, alhazai suka zo da ƙunshinsu kamar kullum, ina tsaye ina ji yana kwatanta musu gidan wani a gaba da masallaci. Wasu har suka yi fushi, sun ɗauka girman kai ne. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ɗakin ya koma wurin ajiye buhunan gawayi.

Wannan shi ne abin da na ba jikana a shago, shayinmu na hucewa. Na ce masa kafin ya harba ko ɗaya ya kai ta wurin mai gyaran bindiga na wurin koyon harbinsu, a girgiza ta, a duba ko rami da bututu suna kallon juna. In an ce lafiya, ya nemi mai kan dalma, mai sauƙin albarushi, irin wanda aka ƙera ta dominsa, ya harba kaɗan, ya wanke ya goge a ranar. In kuwa tsawa yake so, ya sayi sabuwa, suna nan birjik, ya bar tsohuwa ta tsufa da mutuncinta. Ya kalli tabon kuncina kamar yau ya fara ganinsa, ya goge hoton kwalin. Da Hausa ya ce, "Na ji, Kaka."

Libarbar tana nan a gidana, an cire mata kunama, an yi mata takarda, ba ta harbin komai. Na sha zama in yi lissafin shekarar nan, kuma kullum abu ɗaya yake ba ni. Raguna uku karnuka suka ci. Ashirin da huɗu na sayar, su ne tushen duk abin da na mallaka a Sultana yau. Harsashi shida sun koma yadda suka zo. Bindigar uban mutum ta mutu a hannuna. Shekara talatin na mahaifina sun ƙare a kan ƙusa, kuma duk dardumar da na sayar ba ta sayo masa ko kwana ɗaya daga ciki ba. A ɓangaren riba abu ɗaya ne nake da shi wanda ban jin kunyarsa: Malam ya koma hanyar Haibar da yatsunsa goma.